Idan Tsutsa Ta Daina Jin Magani



Malam shugaban taro, shugaban wannan makaranta da malamanta, iyayenmu da suka baro harkokinsu suka zo, likitocin mutane da na dabbobi, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka. Ina godiya da wannan gayyata. An ce in yi magana a kan tsutsotsin da ke zaune a jikin ɗan'adam da magungunan da muke kashe su da su. Shin magungunan nan suna ci har yanzu, ko kuwa tsutsa ta fara bijire musu?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin shan magani na ƙauye ya san wata magana: "Malam, maganin nan fa bai yi ba." Uba ne zai shigo riƙe da hannun ɗansa, ya ce wata huɗu da suka wuce an ba yaron ƙwaya a makaranta, fitsarin jinin ya tsaya, ga shi kuma ya dawo. Uban nan bai yi ƙarya ba. Amma me ya faru a cikin yaron? Wannan tambayar zan bi yau, cikin batutuwa biyar.

Na ɗaya: makamanmu kaɗan ne

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan ɗaya da rabi ne ke ɗauke da tsutsar ciki da ake ɗauka daga ƙasa, wato macijin ciki, da tsutsa mai ƙugiya da ke shiga ta tafin ƙafa tana shan jini, da wata siririya mai siffar bulala da ke zama a babban hanji. Ga tsargiya, wadda Najeriya ke sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita. Ga makantar kogi da baƙin ƙuda ke yaɗawa, ga kuma tundurmi. Da me muke tunkarar wannan runduna? Ku ƙirga da yatsun hannu ɗaya: albendazol, mebendazol, firazikwantel, ibamektin. Kusan duk rabon maganin da ake yi a makarantu da unguwanni a kan waɗannan huɗun ya dogara.

Kuma dukkansu sun kwana biyu. Firazikwantel, maganin tsargiya, a Jamus aka samar da shi cikin shekarun 1970, har yau kuwa shi kaɗai ake rabawa. Ibamektin ya samo asali ne daga wata ƙwayar halitta da Satoshi Omura ya samu a ƙasar Japan, William Campbell ya gano amfaninta a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 2015. A 1981 aka fara sayar da shi domin dabbobi, sai a 1987 kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta domin makantar kogi da sunan Mectizan. Ku riƙe wannan: yawancin magungunan tsutsar mutane daga garke suka fito. Dabbobi sun riga mu shan su, don haka sun riga mu ganin ƙarshensu.

Na biyu: "bai yi ba" fuska gare ta da yawa

Bijirewa a ilmance tana da ma'ana takamaimai. Ita ce a ce maganin da a da yake kashe wani nau'in tsutsa, yanzu an ba da shi daidai, mai kyau, cikakken awo, amma tsutsar ta rayu, kuma ta gadar wa 'ya'yanta wannan taurin kai. Gadon nan shi ne zuciyar maganar. Idan babu shi, wani abu ne dabam, kama da wane kuwa ba ta wane.

Mu koma kan yaron nan. Abu na farko da zan tambaya shi ne ina yake wanka. Idan a kududdufi ne, ko a magudanar ruwan noman rani irin na Kadawa da Kura, to katantanwar da ke rainon tsutsar tsargiya tana nan inda ya bar ta. Firazikwantel ba rigakafi ba ne. Yana kashe abin da ya tarar, cikin kwana guda ya fice daga jiki. Washegari yaro ya faɗa ruwa, sabuwar tsutsa ta huda fatarsa. Maganin ya yi aikinsa, ruwan ma ya yi nasa.

Akwai kuma wata gazawa da maganin yake da ita tun asali: yana kashe tsutsar da ta balaga, amma ba ya yin tasiri sosai a kan wadda take 'yar mako biyu zuwa huɗu a jiki. Yaron da ke shiga ruwa kullum yana ɗauke da tsutsotsi masu shekaru dabam-dabam, kamar gidan da ke da manya da yara. Ƙwaya ta kwashe manyan, yaran su girma su fara zuba ƙwai, mu kuwa mu ce magani ya mutu.

Sai awo. Ƙa'idar firazikwantel ita ce miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki. Da yake ba ko'ina ake da ma'auni ba, shi ya sa kuke ganin ana tsayar da yara jikin wata sanda mai zane, tsayi ya nuna yawan ƙwaya. Ƙwayar nan babba ce, ga ɗaci, idan kuma aka sha ta ciki ba komai tana sa jiri da murɗar ciki, jiki ma ba ya ɗaukarta yadda ya kamata. Na taɓa tsayawa a wata makarantar firamare ranar rabo. Bayan an tashi na zaga bayan ajujuwa, na tarar da fararen ƙwayoyi warwatse a ƙarƙashin dalbejiya. A takarda dai an rubuta cewa kowa ya sha. Ban ga laifin yaran ba, domin da yawansu ba su karya kumallo ba. Ban kuma manta da jabun magani ba, da wanda ya shekara a kan tire a cikin ranar kasuwa.

Wata tsutsar kuma tun fil azal ba ta jin maganin sosai. Wani babban nazari da ya haɗa gwaje-gwaje masu yawa a 2017 ya nuna cewa albendazol sha ɗaya yana warkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na masu macijin ciki, da kusan kashi 80 na masu tsutsa mai ƙugiya, amma ga mai siffar bulala bai wuce kusan kashi 30 ba. Ƙwaya ɗaya, cikin mutum ɗaya, sakamako uku. Wanda ya ce "maganin tsutsa" kamar tsutsa iri ɗaya ce, ya riga ya ɓata lissafi.

Na uku: mu leƙa garke

To, idan haka ne, maganar bijirewa tatsuniya ce? Ko kaɗan. Likitocin dabbobi da ke zaune a layin gaba suna murmushi, domin su sun ga abin da idonsu.

Akwai wata tsutsa mai suna Hemonkus da ke zama a cikin tumbin tumaki da awaki tana shan jini. Ita ce ke sa dabba ta rame da damina, idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura. A 1961 aka fito da tayabendazol, kakan albendazol, makiyayan Turai da Amurka suka ce an gama da tsutsa. Bayan shekara uku aka samu rahoton farko a Amurka cewa ta daina jin sa. Ibamektin ya fito a 1981, a 1988 aka ba da rahoton bijirewa a Afirka ta Kudu. Aka yi shekaru ana neman sabo, aka samu monifantel a 2009, a 2013 aka tarar da tsutsar awaki a Niyu Zilan ta ƙi jin sa. Akwai gonakin da aka daina kiwon tumaki a cikinsu ɗungurungum domin babu maganin da ya rage. A Amurka kuma, daga wajejen 2019, an tabbatar da tsutsa mai ƙugiya ta karnuka da ta bijire wa manyan rukunan magani uku a lokaci guda, kuma daga gidajen kiwon karnukan tsere ta fito, inda ake ɗura magani ba ƙaƙƙautawa. Ita kuwa 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda ke shan jinin yaranmu.

Ta yaya hakan ke faruwa? Mutane sukan ce tsutsa ta "saba" da magani, kamar yadda mutum ke sabawa da yaji. Ba haka ba ne. Bari in ba da misali da lissafin da na ƙirƙira don bayani kawai. A ce rago yana da tsutsa dubu. A cikinsu akwai biyar da aka halitta da ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu. Albendazol yana kama wani sinadari ne da tsutsa ke gina sassan jikinta da shi, ya hana ta ci. A jikin biyar ɗin nan, wurin da maganin ke kamawa ya ɗan sauya, kamar makullin da aka canja wa haƙori ɗaya, mabuɗi ya ƙi shiga. Ka ba da magani, 995 sun mutu, biyar sun rage. Wa zai haifi zuriya ta gaba? Su. Macen Hemonkus tana zuba ƙwai dubbai a rana, cikin mako uku kuma 'ya'yanta sun isa haihuwa. Ka maimaita wannan kowane wata, shekara biyar. Da hannunka ka yi tankaɗe, ka zubar da masu rauni, ka adana masu taurin kai.

Abin da ke gaggauta wannan tankaɗe kuwa duk mun san shi. Rago mai kilo arba'in a ba shi awon mai kilo ashirin domin a tsimi kuɗi. A raba ƙwaya ɗaya wa awaki uku. Mai kiwon ragon layya ya riƙa ɗura magani duk mako biyu wai don ya yi ƙiba. Rabin awo ya fi komai haɗari, domin yana barin har tsutsar da bijirewarta ba ta gama ƙarfi ba.

Yanzu ga wani abu da ya ba masana mamaki. Wani likitan dabbobi na Afirka ta Kudu, Jan van Wyk, ya jaddada a 2001 cewa babban abin da ke jinkirta bijirewa shi ne tsutsotsin da magani bai taɓa ba, waɗanda ke cikin dabbar da ba a ba wa ba da waɗanda ke kwance a ciyawa. Su ne ke auratayya da masu taurin kai, suna tsarma musu jini. Daga can ne ma aka fito da wata dabara mai suna FAMACHA: kati ne mai launuka daga ja zuwa fari, makiyayi ya buɗe fatar idon tunkiya ya gwada, wadda idonta ya yi fari ita kaɗai za a ba magani. Ku ji abin: don a ceci magani, sai an bar wasu tsutsotsi da rai. Hausawa suka ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gemun bunsuru ya daɗe yana ci.

Na huɗu: me aka gani a jikin mutane?

Zan faɗi gaskiyar inda ilmi ya tsaya. Har yau ba a tabbatar da bijirewa mai faɗi a tsutsotsin mutane irin wadda aka gani a garke ba. Amma an ga hayaƙi a wurare da dama.

A 1986 aka kammala madatsar ruwa ta Diama a kan kogin Senegal. Ta tare ruwan gishirin teku, katantanwa ta samu wurin zama, cikin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye garin Richard Toll mai noman rake, inda a da ba a san ta ba. Da aka ba da firazikwantel a farkon shekarun 1990, kashi 18 cikin 100 kacal aka samu sun warke, alhali an saba ganin 60 zuwa 90. Hankalin masana ya tashi. Da aka zurfafa bincike, sai aka ga mutanen suna ɗauke da tsutsa mai yawan gaske, suna sake kamuwa kullum, ga ƙananan tsutsotsin da na ambata. Ku lura da wannan: mutumin da ke da tsutsa ɗari biyu, ko magani ya kashe kashi 95 cikin 100, saura goma, kuma goman nan za su zuba ƙwai, a rubuta cewa bai warke ba. Da aka maimaita maganin bayan 'yan makonni, sakamakon ya gyaru. Yawancin masana sun karkata ga cewa ba bijirewa ba ce, ko da yake wasu sun ce lissafin bai gama cike giɓin ba. Mu masu madatsun ruwan Tiga da Bakolori da Goronyo, wannan labari namu ne.

A Masar, cikin shekarun 1990, an samu 'yan tsirarun mutane a ƙauyukan bakin kogin Nilu da sha uku bai warkar da su ba, tsutsotsin da aka ɗebo daga jikinsu kuma suka nuna juriya a ɗakin gwaji. Da aka koma bayan shekara goma, abin bai yaɗu ba. A Yuganda kuwa, wani bincike da aka buga a 2016 ya ga maganin ya fi rauni a makarantun gundumar Mayuge da suka fi yawan zagayen rabo. A ɗakin gwaji ma, tun 1994 aka nuna cewa idan ana ba ɓeraye masu tsargiya rabin awo zuriya bayan zuriya, tsutsar tana daina ji. Wato ƙofar a buɗe take, ba a dai shiga ba tukuna.

Ta ɓangaren makantar kogi, ibamektin ba ya kashe uwar tsutsa, wadda kan yi shekara goma zuwa goma sha biyar a dunƙule ƙarƙashin fata. 'Ya'yanta yake kashewa, ya kuma hana ta haihuwa na wasu watanni. A 2007 masanan Gana, ƙarƙashin Mike Osei-Atweneboana, suka ba da rahoton cewa a wasu garuruwan da aka shekara da shekaru ana rabo, iyayen tsutsar suna komawa haihuwa da wuri fiye da yadda aka sani. An ga irin haka a Kamaru. Har yanzu ana muhawara a kan sunan da ya dace da shi. Kada wannan ya sa ku raina maganin: a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Jamhuriyar Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar kogi, da feshin ƙuda da kuma ibamektin ɗin nan.

Me ya sa mutane suka tsira zuwa yanzu? Domin sau ɗaya ko biyu ake ba mu a shekara, tsutsotsinmu ba sa hayayyafa da saurin na tumaki, kuma galibi 'yan makaranta ake ba, manya da almajirai da yaran da ba sa zuwa aji suna nan da tsutsarsu. Gazawarmu ce ta zame mana garkuwa. Yanzu kuwa, tun 2022, shawarar Hukumar ita ce inda tsargiya ta kai kashi 10 cikin 100 a ba kowa daga ɗan shekara biyu zuwa sama. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari, domin mutum ba tunkiya ba ne, ba za ka bar ɗan wani da fitsarin jini don ka tsarma jinin tsutsa ba. Amma mu sani cewa tankaɗen zai ƙara ƙarfi.

Na biyar: abin da ke hannunmu

Abin da ya fi damuna shi ne muna ƙirga ƙwayar da aka raba, ba ma ƙirga tsutsar da ta mutu. Gwajin kuwa ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A ɗauki bayan gida ko fitsarin yara kafin magani, a ƙirga ƙwai a madubin ɗakin gwaji, a dawo bayan kwana 14 zuwa 21 a sake ƙirgawa. Ga firazikwantel ana sa ran ƙwai ya ragu da kashi 90 ko fiye. Ga albendazol, kashi 95 a macijin ciki, 90 a mai ƙugiya, 50 a mai siffar bulala. Idan ya gaza haka, a bincika. Ɗalibai, wannan aikinku ne, kuma kundin kammala karatu ne da ya fi tambayar mutane "shin ka san tsutsa?" amfani sau goma. Mun ga yadda kulorakwin ya mutu a hannunmu, mutane na ta faɗa a asibiti shekaru kafin a sauya tsarin maganin zazzaɓi a 2005. Kada a maimaita.

Sannan a ba da magani cikakke, bayan an ci abinci, a gaban mai rabo. Mai kemis ya daina yanka awo gwargwadon kuɗin aljihun mai saye. Makiyayi ya nemi likitan dabbobi kafin ya ɗura.

Sababbin magunguna suna tafe, a hankali. Amurka ta amince da moksidektin domin makantar kogi a 2018, kuma yana danne 'ya'yan tsutsar tsawon lokaci fiye da ibamektin. Haɗa albendazol da ibamektin ya fi cin tsutsa mai siffar bulala, an gani a tsibirin Pemba na Tanzaniya, ko da yake a Kwaddebuwa bai yi ƙarfi haka ba. A ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Turai ta yi na'am da wani sabon samfurin firazikwantel na ƙananan yara, ƙarami, mai narkewa, mai sauƙin ɗaci. Duk alheri ne. Sai dai tarihin garke ya nuna mana abin da ke samun sabon magani idan aka ɗora masa kaya shi kaɗai.

Iyayenmu da ke nan sun san kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ita fiye da 650,000 a Najeriya cikin shekara guda. Kurkunu ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe ta, da rijiyar burtsatse, da hana mai ita shiga tafki, da mutane irin su Janar Yakubu Gowon da suka bi ƙauye-ƙauye suna magana da masu gari. An ga ta ƙarshe a 2008, a 2013 aka tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Macijin ciki mace ɗaya tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana. Ina ƙwan nan zai je idan akwai masai, kuma ana amfani da shi? Ta ina mai ƙugiya za ta shiga idan yaro yana da takalmi? Kowace salga da aka haƙa a makarantar allo ko ta boko, ta rage wa albendazol aiki.

Malam shugaban taro, na ga ana yi mini nuni da agogo.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, ina kuma roƙon likitocin dabbobi su fara, domin ina son in ji abin da suke gani a garkunan wannan yanki.